Maganin da Kawu Ya Ce Bai Nuna Ba

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Wanda Ya ba mu aronsa Ya karɓi abinSa, kuma can za mu bi shi.

Kwana uku na yi a bakin tabarma a ƙofar gidansa. Fuskoki ba na ganinsu sosai yanzu, muryoyi nake ji. Dangin matarsa marigayiya sun zo daga Kiru. Na Bebeji sun zo cike da mota ɗaya. Wasu dattawa biyu sun zo daga jami'a, takalmansu na ƙara a kan tsakuwa. Ɗayansu ya ce ƙasar nan ta yi rashin da ba ta san ta yi ba. Aka ce masa Allah Ya ba da lada. Da suka tafi, mai unguwa ya sunkuyo wajena.

"Wai shi marigayi, tsakani da Allah, likitan mene ne?"

"Likitan ɓeraye," in ji wani a bayanmu.

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa har liman ya yi gyaran murya.

A cikin gida wata tsohuwa tana ta faɗa wa mata, muryarta na fitowa ta zaure. Ta ce shekara da shekaru tana kai masa ciwon ƙafarta, bai taɓa ba ta ko ƙwaya ɗaya ba. Sai ya ce shi ba irin wannan likitan ba ne, ya sa ta a mota ya kai ta asibitin Tudun Wada, ya zauna a benci har a gan ta. Ta ce, "Likitan da ba ya allura, amma ba ya barin ka." Sai ta fashe da kuka.

Ni ban yi kuka ba. Amma na ga inda abin zai tsaya. Nan da 'yan shekaru sunan da zai rage masa a garin nan shi ne likitan ɓeraye. Shi ya sa na sa maƙwabcina ya ɗauko takarda. Ni nake faɗa, shi yake rubutawa. Na ce kada ya gyara mini magana.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Tsakanina da shi akwai ido.

Dundumi gado ne a gidanmu. Kakanmu ya yi shi, Inna ta yi shi, ni na ɗauka. Da magariba yake farawa. Rana na faɗuwa, ido ya faɗi tare da ita. Wasu akan ba su hanta su ci su warke. Namu ba ya jin hanta. In an kwana biyu sai ya fara cin gefe da gefe, da rana tsaka, har ya bar maka ɗan tsakiya. Daga nan ya cinye tsakiyar. Inna ta rasu ba ta bambance rana da dare. Kawu shi aka tsallake. Shi aka sa boko, ya yi nisa, ya ƙetare teku, ya shekara talatin a can.

Ni ina saurayi na tafi haƙar kuza a Riruwai. Da gangan na zaɓi aikin. A cikin rami kowa makaho ne, ba mai gane nawa. Wata damina ramin ya rufta. Mu huɗu ne a ciki, ni kaɗai aka zaro da rai bayan kwana biyu. Ina kwance ƙasa ta danne mini ƙafafu, ina kallon wata 'yar kafa can sama, kamar bakin kwalba. Idona yanzu haka yake. Wancan ramin an zuro mini igiya. Wannan kuwa kullum bakinsa ƙara tsukewa yake.

Da Kawu ya ajiye aiki ya dawo gida, mutane sun zaci bene zai gina. Ɗaki uku ya yi da rumfa. Riguna biyu yake juyawa. A aljihunsa akwai wani ɗan madubi mai ƙara girman abu. Kuna tafiya kuna magana sai ka ji shiru, ka waiga ka gan shi tsugune yana juya ganye. In aka ba shi shayi sai ya ɗaga kofin gilas ɗin ya duba shi a rana kafin ya sha. Maganar da ta fi yawa a bakinsa ita ce, "Ban sani ba, amma ana iya gwadawa." Mutane suka ce wannan boko har ƙasar Turawa, ashe ƙarshensa ban sani ba ne.

Abin da ya haɗa ni da aikinsa dawa ce.

Wata shekara kansila ya sa aka kafa fitilun sola a bakin titi. Ɗaya ta faɗo daidai kan iyakar gonata. Kowa ya yi murna, har ni, ko da yake ba ta ƙara mini komai. Na shuka kaura kamar kullum. Ƙarshen damina ya zo, dawar can ƙuryar gona ta yi ciki ta fid da kai. Ta bakin titi kuwa sai tsawo take, kore shar, ba zangarniya ko ɗaya. Kusan rabin gonar.

Mai unguwa ya ce iri ne ba kyau. Na ce iri ɗaya na zuba ko'ina. Matata ta karɓo rubutu ta yayyafa. Wani ya ce a binne ƙahon baƙin akuya a kusurwa huɗu. A bayan idona kuma ana cewa mutumin da rami ya ƙi, ƙasa ma ta ƙi shi, wa ya san abin da ya bayar aka bar shi ya fito. Na ji. Tun daga Riruwai nake jin irinta.

Kawu ya zo da safe. Ya bi kunya-kunya yana ƙirgawa, ya tsaya inda dawar ta fara fid da kai, ya juyo ya dubi titi. Sannan ya je ya tsaya a ƙarƙashin fitilar.

"Ɗan Yaya, yaushe take kunnuwa?"

"Magariba."

"Ta mutu fa?"

"Asuba."

"To dawarka ba ta san damina ta ƙare ba."

Na ce, "Kawu, dawa ce. Ba ta san komai ba."

"Ko ka yi shuka da wuri, ko ka makara, ba tare kaura ke fid da kai a garin nan ba?"

"Kowa ya san wannan."

"Kowa ya sani. Wa ke gaya mata?"

Ya ciro ganye ɗaya ya ɗora mini a hannu. Ya ce a cikinsa akwai wani abu ƙanƙane da ido ba ya gani, furotin ake ce masa, dangin abin da aka gina naman jikina da shi. Ya ce irinsu ba iyaka, kowanne da aikinsa, amma wannan makunni ne. Haske ya taɓa shi sai ya juya ya kunnu. Duhu ya daɗe sai ya koma ya kwanta. Da shi dawa take auna tsawon dare. In dare ya yi tsawo ta san ruwa ya kusa ɗaukewa, sai ta yi ciki.

"Kai kuma an tsaya mata da fitila a ka. Kullum a ganinta rana ba ta faɗi ba. Jira take."

Ya koma gida ya ɗauko fallen kwanon rufi da waya. Na ce ni zan hau. Ya ce mai ganin bakin kwalba ba ya hawa tsani. Dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya ya hau, ina riƙe da tsanin, ya ɗaure kwanon ta ɓangaren gona, ya bar wa titi haskensa. Masu wucewa suka tsaya kallo. Wani ya ce, "Likita, yau fitila ake wa lulluɓi?" Kawu ya ce, "Eh, ta cika kallon gonar mutane."

Bayan 'yan makonni dawar ta fid da kai. Ruwa ya riga ya ɗauke, tsabar ba ta cika ba, rabinta ƙaiƙayi na samu. Amma ta fid da kai, kowa ya gani. Maganar ƙahon akuya ta mutu. Shekarar da ta biyo na cika rumbu.

Daga nan na fara zama a rumfarsa bayan la'asar. Ba hira nake ba, zama kawai. Wata rana ya aika aka ɗebo masa koren ruwan kududdufi a kwalba. Ya naɗe ta da baƙar leda, ya huda ƙaramar kafa ɗaya, ya ajiye a rana. Da aka jima ya kwance ledar. Ya kawo kwalbar dab da fuskata, ya juya ta har abin ya shigo ɗan tsakiyar da nake gani. Koren duk ya taru wuri ɗaya, daidai inda kafar take.

"Halittu ne, suna iyo. Ba su da ido irin namu, amma sun san inda haske yake. Su ma makunninsu gare su. Wannan na yi wa bauta shekara talatin."

Ya ce nasu kamar ƙofa yake. Haske ya taɓa shi ya buɗe, haske ya ɗauke ya rufe. Masu irin aikinsa sun koyi ɗauko shi daga halittun nan su dasa a jijiyar ɓera, a cikin ƙwaƙwalwa. Sai a zura wani zare mai haske, siriri kamar gashi. A kunna, ɓera ya tashi da gudu. A kashe, ya tsaya. Da haka ake gane wace jijiya ke yin wane aiki.

"Sai me?" na ce. "Ɓera ya gudu, ya tsaya."

"Ka san farfaɗiya? Wuri ɗaya take tasowa a ƙwaƙwalwa. Maganin da ake sha yanzu jiki duka yake bi, kamar ka watsa wa gari ruwa don bukka ɗaya na cin wuta. In da makunni a wurin, shi kaɗai za a kashe. Haka ciwon da ba ya jin magani. Haka maganin da za a sha ya kwanta shiru, ba zai tashi aiki ba sai inda aka haska. Duk ana nema. Ba a kai ba."

Na ce, "Ido fa?"

Ya daɗe yana naɗe ledar nan.

"Ban so ka tambaya ba."

"Na tambaya."

Ya ce a bayan ido akwai masu karɓar haske, a bayansu kuma akwai masu kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ciwonmu masu karɓar yake kashewa, masu kai saƙon suna nan zaune ba aiki. To an gwada sa musu makunnin da allura, don su karɓa da kansu. An yi wa wasu 'yan mutane kaɗan a can, waɗanda suka makance ƙaf da ciwo irin namu. Da wani tabarau na musamman, akwai wanda ya iya gane kofi a kan tebur ya kai hannu.

"Kofi kawai. Ba fuska ba. Ka ji ni da kyau, Ɗan Yaya, ba fuska ba."

Ban ji shi da kyau ba. Kofin kawai na ji.

Kwana uku abinci bai shiga ba. Tun da aka zaro ni daga rami ban sa rai da komai ba, kuma na ji daɗin zama haka. Yanzu ya zo ya huda mini kafa. Na sami wani ɗan kasuwa daga Kwanar Dangora da ya daɗe yana son gonata saboda titi. Muka yi magana. Sannan na tafi wurin Kawu.

"Ka rubuta wa masu allurar nan. Ka ce ga ɗan yayarka. Kuɗin jirgi na samu."

"Daga ina?"

"Gona."

Ya ajiye littafin da ke hannunsa.

"Abin bai nuna ba."

"Zan ci shi ɗanye."

"Ba sayarwa ake ba. Gwaji ne. Mutum kaɗan suke ɗauka, na kusa da su, wanda za su yi ta dubawa shekara da shekaru. Kuma sai wanda nasa ya ƙare ƙaf. Kai kana da saura. Ba mai taɓa idon da ke da saura."

"Sauran zai kai yaushe?"

"Ban sani ba."

"Kullum ba ka sani ba."

"In na ce maka na sani na yi ƙarya. Akwai masu cewa sun sani. Ka sayar da gonar, za su same ka tun kafin ka kai tasha."

A nan na faɗi abin da na faɗa. Na ce, "Shekara talatin kana kunna wa ɓeraye haske, yayarka ta mutu tana laluben bango. Ko jana'izarta ba ka samu ba."

Na jira ya kore ni. Da ya fi mini sauƙi.

"Gaskiya ne," ya ce. "Saboda ita na shiga aikin. Na ɗauka shekara goma za ta isa."

Na tashi.

Washegari ya tafi wurin mai unguwa. Gonar nan ta kakanmu ce, ba a taɓa raba ta ba. Rabon Kawu na ciki, kuma ya fi na Inna. Tun da ya tafi boko bai taɓa tambayar ko dami ɗaya ba. Ranar ya ce da haƙƙinsa a gonar, kuma bai yarda a sayar ba. Ɗan kasuwa ya janye. Na je na tsaya a ƙofar gidansa na ce masa ya rufe ni da rai. Bai fito ba.

Damina guda ban gaishe shi ba. Mai ido irin nawa ba ya wahala in yana son ƙin ganin mutum. Ɗan kau da kai kaɗan ya isa. A masallaci na koma ɗaya gefen sahu. Matata ta ce, "Malam, ƙanin uwa uwa ne." Na ce ta bar maganar. Liman ya kira ni sau biyu, na ce to, ban je ba.

A cikin daminar nan idon ya ƙara tsukewa. Na faɗa kwata sau biyu da rana tsaka. Wani mai babur ya buge ni ta gefe, ya tashi yana zagina wai ina kallonsa na shiga gabansa. Ban gan shi ba. Na rage fita. Daga ɗaki sai gona, daga gona sai ɗaki.

Sai na fara ganin fararen duwatsu. Na farko a ƙofar gidana. Bayan kwana biyu sun kai masallaci, taku biyar-biyar tsakaninsu. Aka shafa wa dokin ƙofa farin fenti, aka ɗaga bakin rijiyar unguwa da bulo. Na zaci matata ce ta sa. Ta ce ita ina ta ga fenti.

Wata safiya na fito da wuri zan tafi gona, na yi karo da mutum a tsugune kan hanya. Gwangwanin fenti ya kife a ƙafata.

"To, an yi wa ƙafar ma," in ji shi. "Yanzu ba za ta ɓace maka ba."

Na tsaya. Yana nishi. Na ga hannunsa, duk ya yi fari.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. Fari a kan baƙi shi ne ƙarshen abin da zai bar ka. In shi ma ya tafi, ƙafa za ta ji dutsen."

"Ba shi na roƙe ka ba."

"Na sani. Shi nake da shi."

Na daɗe a tsaye. Sannan na tsuguna na ce, "Kawu, ina kwana." Ya ce, "Lafiya lau. Ɗauko mini wancan dutsen."

Da muka kai duwatsun bakin gona, ya kwance rawaninsa ya ce in ɗaure idona in koma gida. Na ce hauka ake. Ya ce, "Ka koyi duhu tun kana da haske. Yayata ba wanda ya koya mata, ɗaki ta shiga ba ta ƙara fitowa ba." Na ɗaura. Taku uku na yi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mini hanci, na ji nauyi a ƙafafuna, na ji muryar abokan aikina da suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Na fizge rawanin na jefar. Gumi ya jiƙa ni.

Da numfashina ya dawo, ya ɗauki rawanin ya kakkaɓe.

"Gobe taku huɗu."

Wata biyu muka yi. Yana bayana, ba ya riƙe ni, sai dai ya ce "hagu" ko "akuya". Mutane sun yi ta dariya, wai Likita ya sami ɓera mai ƙafa biyu. Yau ina zuwa gona in dawo, in je masallaci in dawo, ko idon ya ga dama ko bai gani ba. Iyakar duniyata ke nan, daga dutsen farko zuwa na ƙarshe. Amma ba ɗaki ba ce.

Ba mutum ne marar aibi ba. In ya fara bayani ba ya sanin mutum ya gaji. Ya taɓa tsayar da masu kai amarya ya nuna musu yadda ganyen gyaɗa ke rufewa da yamma. Yana da taurin kai irin na gidanmu. Ciwon zuciyar da ya kashe shi ya daɗe da saninsa, bai gaya wa 'ya'yansa da ke birni ba sai da ya kwanta.

Ranar Asabar kafin rasuwarsa ya aika a kira ni. Na je da hantsi, lokacin da idona ya fi ƙarfi. An kwantar da shi a rumfa. Fuskar mutum ba ta shiga mini gaba ɗaya, sai na bi ta kaɗan-kaɗan. Na ga goshinsa, na sauko na ga ido ɗaya, na ƙetara na ga ɗayan, sannan baki.

"Ka gama haɗa ni?" ya ce.

"Saura gemu."

"Bar shi, ba abin gani."

Ina da 'yar auta, shekararta tara. Ita da Kawu wasan jika da kaka suke. Yana ce mata mutuniyata, tana ce masa tsoho mai kwalabe. Ita ta kawo masa kunu ranar, ya ce ba sukari, ta ce ai haƙoran da za su ji zaƙin sun ƙare. Da ta fita ya bi ta da kallo.

"Mutuniyata ta yi tuntuɓe da turmi kwanaki. Da magariba."

"Yara na tuntuɓe."

"Sau uku na gani. In rana ta faɗi bango take bi da hannu."

"Na ba ta hanta."

"Ta ji?"

Tun bara na sani. Ban gaya wa kowa ba, ko uwarta. Na ga kamar in ban faɗa ba bai tabbata ba.

"Ka kai ta Kano, asibitin ido. A duba, a rubuta, ka ajiye takardar. Kowace shekara ka koma."

"Don su ce ba magani?"

"Haka za su ce."

"To don me?"

"Don ranar da ya nuna. Wanda aka san da shi, aka san irin nasa, aka san yadda ya faro, shi ake iya taimaka wa. Wanda ke ɗaki ba wanda ya san yana nan." Ya huta, ya ja numfashi. "Na yi wa yayata latti. Na yi maka latti, ba zan ɓoye maka ba. Ita kuwa tana da shekaru a gaba kafin nata ya rufe. Ko zai iso ta, ban sani ba."

Na ce, "Ka taɓa sa ni na sa rai, Kawu. Ban ji daɗinsa ba."

"Ban ce ka sa rai ba. Na ce ka kai ta."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Da na koma ranar Litinin ba ya iya magana.

Bayan sadakar bakwai na gaya wa matata maganar idon yarinyar. Ta ce ta sani, ita ma ɓoye mini take.

Na ɗauki yarinyar da sassafe. Mota ta kai mu Kwanar Dangora, muka sake wata zuwa Kano. Rabona da in wuce dutsen ƙarshe na manta. A asibiti muka zauna a benci har azahar. Likitar mace ce, ba ta kai sa'ar babbar 'yata ba. Ta ɗiga wa yarinyar magani a ido, ta jira, ta haska, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce in zauna ta duba nawa. Ta ajiye fitilarta.

"Baba, irin naka ne. Ya fara. A hankali yake tafiya, amma gaskiya ba mu da abin da zai tsayar da shi."

"Na sani. Makunnin fa?"

"Wane makunni?"

"Na halittun kududdufi. Wanda ake dasawa a bayan ido, a masu kai saƙo."

Ta daina rubutu.

"Baba, a ina ka ji wannan?"

"Wurin kawuna."

"Ana kan aikin, na karanta. Amma bai iso ba. Ko can ɗin ma bai gama ba."

"Bai nuna ba. Na sani. Rubuta sunanta."

Ta rubuta. Ta ba mu kati ta ce baɗi war haka. Na sa shi a leda na cusa a aljihun ciki.

A mota yarinyar ta ce, "Baba, ba su ba ni magani ba."

"Ba su ba ki ba."

"To me muka je yi?"

"Layi muka kama."

"Layin me?"

"Mai tsawo ne. Ki ci gyaɗarki."

Motar ta tsaya ɗaukar kaya a Tudun Wada, ta daɗe. Na ji zafin rana ya sauka daga fuskata zuwa wuyana. Ita kuwa tana ta leƙen taga. Da aka sauke mu a bakin titi ta kama hannuna, na kama nata, ba wanda ke jan wani. Muka yi sauri mu biyu mu isa gida kafin magariba.

Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya yafe mini abin da na faɗa masa, Ya haskaka masa kabarinsa. Wannan ta ƙarshen mutane da baki kawai suke faɗarta. Ni na san abin da nake roƙa masa.